Wayar da Ta Sandare a Kan Fuskarsa

"Ki mutu mana! Don Allah ki mutu!"

Da wayata nake magana, ina ta danna ta kamar zan huda gilashin. Ko gezau. Ta sandare, ta ƙi gaba ta ƙi baya, kuma duk hotunan duniya ba ta ga wanda za ta tsaya a kansa ba sai fuskar Mai Gyara, saurayin nan mai shagon waya a bakin layinmu. Daga tallar shagonsa na ɗauko hoton, na buɗo shi sosai har murmushinsa ya cika fuskar wayar.

"Wa kike wa fatan mutuwa da tsakar rana, Auta?"

Kafin in ɓoye, Kwalisa ta fizge. 'Yar ƙanwar Ummata ce, kuma kowa ya san wayarta lafiyarta ƙalau, amma kullum tana shagon nan wai caji ba ya shiga.

Ta dubi hoton, ta dube ni. Sai ta ƙwala kira.

"Yaya! Zo ka ga abin da Auta ke yi!"

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Yaya Babba ya fito daga ɗaki yana saka maɓallin riga, ya karɓi wayar, fuskarsa ta haɗe.

"Mai gyaran waya, Auta? Mutanen da aikinsu leƙen asirin jama'a? Ka ba su waya su karance ka tas!"

"Yaya, wallahi bai ma sani ba..."

"Shi ya tura miki, ko? Sa mayafinki. Yau zan ji daga bakinsa."

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Kai dai ka bi a hankali, kada ka je ka yi wa ɗan mutane rashin ta ido."

Haka muka jera a titi, Yaya a gaba, ni a baya ina jan ƙafa, Kwalisa ta ƙara jan baki ta biyo mu kallo. Ina son mutumin nan, so na gaske, amma ban taɓa ce masa komai ba bayan sannu da aiki. Yau zai gani a gaban kowa, in ya yi dariya na shiga uku.

Yana zaune a bayan teburinsa, fitila ta sunkuyo a kan wata waya da ya buɗe, ƙananan notina a jere cikin murfin kwalba. Ya miƙe da fara'a.

"Sannunku da zuwa, Yaya. Lafiya dai?"

"Ta maƙale," Yaya ya ce a daƙile, ya miƙa masa wayar fuskarta a sama.

Na runtse ido.

"Ɗan kifa min ita a kan ƙyallen nan, Yaya."

Na buɗe ido ɗaya. Mai Gyara ya kawar da kansa gefe, yana nuna wani ƙyalle mai laushi a kan teburin.

"In kifa? Me ya sa?"

"Haka nake aiki. Wayar da ta tsaya a buɗe, mai ita bai shirya nuna wa kowa ba. Ba na kallo sai an ce in kalla."

Yaya ya kifa ta. Mai Gyara ya lalubi gefenta da yatsu, ya haɗa madannin kunnawa da na rage murya ya riƙe. Can wayar ta yi ɗan gurnani a kan ƙyallen.

"Ta farfaɗo. Kaya ne suka yi mata yawa, a rage hotuna ta samu ta numfasa."

Ya turo ta gabana, a kife yadda take.

Shi ke nan? Bai gani ba? Maimakon in yi murna, sai na ji da ma ya gani. Kai, zuciya ba ta da kirki!

"Ba za ka tambayi abin da ke kai ba?" Muryar Yaya ta sauko.

"Ba nawa ba ne, Yaya."

"Naka ne mana!" Kwalisa ta yi caraf. "Hotonka ne, ta buɗo shi ƙato tana kallo, ko kunya babu!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ko kallonta bai yi ba. Ni ya kalla, a karo na farko ido cikin ido.

"Mai wayar ba ta faɗa min ba. Sai abin da ta ce."

Na ɗauki wayar, na cire makulli, na nemo hoton. Na dubi Yaya. Ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar an ba shi kwangilar gyara shi.

Na juya wayar na ajiye a gabansa.

"Na ce ka kalla..."

Ya kalla. Murmushin da ke cikin hoton ya dawo kan fuskarsa, har ya fi na hoton kyau.

"Auta... tun ranar da kika kawo wayar Umma nake addu'a wani abu ya sake lalacewa a gidanku. Allah ya yafe min."

"Au! Ashe kai ka sa mana baki firij ɗinmu ya mutu!" Yaya ya ce, dariya ta ƙwace masa. Ya gyara murya. "To, malam, gidanmu yana da ƙofa. Mutumin da ya iya kawar da kai daga asirin wani, zan iya ba shi amanar ƙanwata. Ka zo ka gaida Umma."

Kwalisa ta ja tsaki ta fice. Tun daga ranar cajinta ya warke da kansa.

Yau ga ni a ɗakina, matar Mai Gyara. Ya sha cewa zai saya min sabuwar waya, na ce a kai kasuwa. Tsohuwar nan har gobe tana sandarewa, kuma na iya haɗa madannan biyu sarai, amma ba na yi.

"Masoyi, ta sake..."

"Kifa min ita, sanyin idona."

"Haba! Har yanzu? Ni fa matarka ce!"

"Har yanzu."

Sai in kifa, ya gyara, ya turo min ita yana jira.

Ni kuma in juyo masa ita da hannuna.