Kyautar Suruki Ta Cinye Ƙodar Baba

"Maimaita abin da ka ce, Ɗayyabu!"

Ya gyara hula yana murmushi, a ƙofar ɗakin da aka kwantar da Babana a wani asibiti a Birnin Kudu, ƙafafunsa sun kumbura suntum.

"Cewa na yi ƙaddara ce, rabin raina. Kar ki ɗora min."

Na kalle shi sama da ƙasa. Wai wannan ne mai kemis ɗin Gwaram da na kori samari saboda shi, har aka sa mana rana!

Ina aji huɗu a karatun haɗa magunguna malamarmu ta kai mu ɗakin wankin ƙoda. Ta koya mana duba gwajin jini kafin a ba mai raunin ƙoda magani, wanne ake ragewa, wanne ake hanawa. Ta ce ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi in aka ɗore da su cin ƙoda suke a hankali, musamman ga mai hawan jini.

Nan take na tuna da Baba da hawan jininsa...

Irin ƙwayoyin nan Ɗayyabu yake aika wa Baba har garinmu Kwandiko, kwali-kwali, wai kyautar suruki.

Na kira shi ina kuka, ya sheƙe da dariya.

"'Yar makaranta ke nan! Ni da nake sayar da magani tun kina firamare?"

Da na nace ya rantse zai daina. Ashe bai daina ba.

Muna tsaye a ƙofar ɗakin Baba sai ga mahaifiyarsa Hajiya Balaraba, ta toshe hanci da mayafi. Bayanta Munawwara ce, 'yar ƙanwarta, wadda ta daɗe tana kai masa abinci shago.

"Ai dama na gaya masa," in ji Hajiya. "Wa zai kai ɗansa gidan da ake wankin ƙoda? Gobe a ce ya ba da tasa!"

Na zuba masa ido, ina jiran ko da kalma ɗaya.

Ya sunkuyar da kai ya ce:

"Nasiha... ko a ɗan ɗaga bikin?"

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce min ba.

"Ɗagawa? An fasa!"

Na zare zobensa na ajiye a kan benci, don ko hannunsa ba na son taɓawa.

"Haba masoyiyata..."

"Kar ka ƙara!"

Na juya wajen Munawwara da take ta yaƙe haƙora.

"Ga shi nan, ki kwasa. Amma in kanki ya yi ciwo, kar ki karɓi komai daga hannunsa."

Na shige ɗaki. Baba ya buɗe ido da ƙyar, ya ji komai.

"Kina son yaron nan, Nasiha."

"Na so shi, Baba."

Ya kamo hannuna ya ɗora a ƙirjinsa. Sai a lokacin kukan ya zo.