Bangon da Ba a Gani Daga Titi

A kan tsani Taavi ya fara ganin Piret, tana kankare tsohon fenti a gidan maƙwabcinsa a garin Pärnu. Ya tsaya kallo har ɓawon fenti ya faɗa masa cikin shayi. Ya shanye abinsa. Ƙuruciya ke nan.

Gidan da ya gada wurin kakarsa ginin shekarun 1960 ne, mai faffaɗan tagogi, lulluɓe da katakon da iskar teku ta cinye wa launi. Ya ba ta aikin bango ɗaya tak, mai kallon titi.

Ta kankare, ta sauya katakan da suka ruɓe. Shi kuwa yana kawo mata baƙin burodi da kyafaffen kifi, yana riƙe tsanin da ba ya buƙatar riƙo.

"Sakar min tsani, ɗan birni, girgiza ni kake."

"Hannuna ne ke rawa, 'yar tsuntsuwa. Laifinki ne."

Mahaifinta Endel, wanda ya koya mata sana'ar, ya zo ya duba aikin.

"Bangon titi kawai? Sayarwa zai yi," ya ce mata. "Tun kafin a haife ki nake fenti, ban taɓa ganin mai niyyar zama ya bar bayan gida yana ruɓewa ba. Zai tsallaka teku zuwa birnin Helsinki ya bar ki da buroshi a hannu. Ban yarda da shi ba."

Ta daina zuwa. Ta tura masa saƙo: "Na gama bangonka. Allah ya kawo mai saye."

Amsa ta zo nan take: "Wane mai saye? Bango ɗaya a shekara na tsara, don ki yi ta dawowa. Ban san wata dabarar ba."

"Kai wawa ne, masoyina."

Sai dai Endel bai yarda da alkawarin waya ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Taavi ya ɗauki abin kankara ya nufi bangon arewa na bayan gida, inda babu komai sai gansakuka da sauro. Ya yi ta fama shi kaɗai, yana kankara yana shafa fenti, har hannayensa suka yi kanta.

Endel ya zo, ya danna farce a jikin katakon.

"Aikin banza. Ka shafa fenti kan danshi, yaro. Kafin baɗi zai kumbura ya zube."

"Sai in sake, Baba."

"Baɗi kana nan?"

"Da baɗin baɗaɗa."

Tsohon ya naɗe hannun riga, ya ce, "Miƙo abin kankarar, ka ga yadda ake riƙe shi."

A lambun gidan aka yi bikin auren Taavi da Piret, cikin Agusta. Endel ya miƙe da kofi a hannu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya bar muku juna fiye da yadda ya bar wa wasunmu. Ke kuma Piret, kada ki ƙara barinsa da fenti shi kaɗai."