Lungun Da Ta Yanke

"Wai ni Zulai, me na yi miki ne?" Bamanga ya faɗa yana kashe mota a ƙofar gidan Goggo Bilkis da ke unguwar Malam Inna. "Sau uku ina cewa zan turo Baffana, sau uku kina cewa in dakata. Saura kwana goma fa in koma Fatakwal da aiki!"

Zulaihatu ta sunkuyar da kai tana murɗa bakin mayafinta.

"Ba haka ba ne, Hamma..." Haka take kiransa, wato Yaya da Fulatanci.

"To yaya ne? Shekara guda ina zuwa zance gidan Goggonki. Kin ce iyayenki suna cikin gari. Garin ba shi da unguwa ne?"

"Ka ba ni sati ɗaya. Akwai abin da nake haɗa maka."

"Ni ba kyauta nake nema ba, sanyin idona. Ƙofar gidanku nake nema."

Ta fita daga motar ta shige gidan Goggo.

Kar a yi wa Zulaihatu sharri, tana son ubanta. Malam Inuwa ya yi shekara talatin yana tuƙi a Gombe, daga tasi ya dawo keke Napep, kuma da wannan keken ya kai ta har jami'a. Sai dai tun da Goggo Bilkis ta ɗauke ta don ta taya ta zama, ta saba da gida mai get da tayil, ta haɗu da Bamanga ɗan gidan manyan ma'aikata, sai lungunsu na Tudun Wada ya fara yi mata nauyi a baki. Ba ta taɓa yin ƙarya ba, in ji ta. Shiru kawai take yi, shirun da ya fi ƙaryar muni.

Wata huɗu da suka wuce, tana gaban motar Bamanga kusa da babbar kasuwa, suka tarar da wani dattijo yana tura kekensa da ya mutu, gumi ya jiƙe masa riga.

"Allah sarki, da wannan shekarun!" in ji Bamanga.

Ita kuwa ta cusa kai cikin jaka kamar mai neman allura, har suka wuce. Dattijon nan Babanta ne.

Kyautar da take haɗawa taswirar Gombe ce ta yankan takarda, a waya ta koya. Ana manna taswira a kan farin kwali, a bi da reza a cire duk abin da ke tsakanin tituna, sai tituna kaɗai su rage kamar raga. A sa baƙar takarda a baya, a rufe da gilashi. So take in ya je Fatakwal ya rataye garinsu a bango, ya riƙa tuna ta.

A gidansu na Tudun Wada ta baje aikin, a kan tabarmar tsakar gida. Malam Inuwa ya dawo sallar la'asar ya leƙa, ya kwashe da dariya.

"Wannan ce Gomben? Wa ya zana miki?"

"Daga waya na fitar, Baba."

"To wayar baƙuwa ce. Ina lungun masu kifi? Ina hanyar da ke ɓullewa Jekadafari ta baya? Ba ni fensir."

Kwana uku yana sadaukar da cinikin yamma, lokacin da fasinja ya fi yawa, yana zaune da tabarau a hanci yana ƙara mata lunguna. Kowane layi da labarinsa. Nan Bolari ya fara koyon mota. Nan hanyar Kwadon ya taɓa ɗauko amarya da akuyarta.

"Nan kuma," ya ɗora fensir a kan wani titi, "tasi ta mutu min ranar da Ummanki take naƙudarki. Da hannu na tura ta har asibiti. Kin ga tun kina ciki kike ba ni aiki."

Zulaihatu ta yi dariyar dole.

Bai taɓa tambayar ta ko taswirar ta waye ce ba. A ƙarshe dai ya zana lungunsu a hankali, ya yi ɗan da'ira a ƙarshensa.

"Nan ne gida," ya ce, bai dube ta ba. "In mai ita ya ɓata, sai ya bi nan."

Ranar Alhamis da hantsi reza ta iso Tudun Wada. Yatsunta duk sun yi tsami, biyu ma da filasta. Ta daɗe tana kallon da'irar nan. Ta san Bamanga, ba ya ganin abu ya wuce. Zai ɗora yatsa ya ce, wannan fa? Daga nan sai tambaya ta biyu, sai ta uku, sai dattijon kasuwa.

Sau huɗu ta ja rezar. Lungun da da'irarsa suka faɗo kan tabarma, ta haɗa da sauran tarkace ta share.

Da azahar Malam Inuwa ya shigo cin abinci ya tarar da taswirar a jingine cikin gilashi. Fuskarsa ta washe.

"Kai, masha Allah! Khadijatu, zo ki ga aikin 'yarki!"

Ya durƙusa ya ɗora yatsa a kan gilashin, ya taso daga kasuwa, ya karya kwana, ya shigo Tudun Wada, ya wuce masu kifi. Sai yatsan ya tsaya a kan wani baƙin rami da ya fi sauran girma. Ya ɗan koma baya ya sake biyowa, ko ɓata ya yi. Mutumin da bai taɓa ɓata a Gombe ba.

"Ta yi kyau," ya ce a hankali. "Allah ya yi miki albarka."

Ya miƙe, ya ɗan tsaya wajen kwandon shara, sannan ya fita. Tuwonsa na nan a rufe.

Umma ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Zulaihatu."

"Reza ce ta zame, Umma..."

"Ni za ki yi wa? Rezar da ta bi gari guda ba ta zame ba, sai a ƙofar gidan ubanki?"

Umma ta matso kusa da ita.

"Bari in gaya miki abin da ya hana ni faɗa. Ranar nan a kasuwa ya gan ki. Ya gan ki sarai a gaban mota! Shi ya kawar da kansa, wai kar yaron ya ga kama. Ya dawo ya ce min, Khadijatu, kar ki yi mata magana, yarinya ce, wata rana za ta kawo shi da kanta."

"Wayyo Umma..."

"Kullum sai ya tambaye ni, ta yi zancen turowa? Har fenti ya sa aka yi wa zaure."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Zulaihatu ta shige. Ba kukan tausayi ta yi ba, kukan kunya ne, irin wanda mutum ke ƙin jinin kansa. Ta rarrafa wajen kwandon ta zazzage shi tana tonawa, guntun babu shi.

"Zan sake wata, Umma, wallahi zan sake!"

"Ki sake ɗari. Wadda ya gani ya riga ya gani."

Ta goge fuska ta ɗauki waya ta kira Bamanga.

"Hamma, ka zo Tudun Wada bayan la'asar. In ka wuce masu kifi ka karya dama. Mota ba ta shiga, sai ka taka."

A zauren da ke warin sabon fenti ta miƙa masa taswirar. Ya buɗe baki yana kallo, yana yaba aikin, kuma kamar yadda ta sani, yatsansa ya sauka a kan ramin.

"Nan fa?"

"Nan muke zaune yanzu. Gidanmu ne, ni na yanke shi."

Ta gaya masa komai, ba ta rage ko ɗaya ba, idonta a ƙasa. Da ta gama, ya ajiye taswirar a gefe.

"Ashe haka kika ɗauke ni," ya ce, muryarsa ta canza. "Zulai, kakana har gobe yana bin shanu a bayan Kwadon, kuma in na je ni nake zuba masa ruwan alwala. Me kika gani a jikina da ya ce miki zan raina uban wani?"

"Ba a jikinka na gani ba, Hamma. A nawa ne."

Ƙarar keke ta tsaya a waje. Malam Inuwa ya yi sallama ya shigo, ya yi turus. Bamanga ya dube shi, ya sake dubawa, sai ya zube ƙasa ya durƙusa.

"Baba, ka yafe min. Ranar nan na gan ka kana tura keke, na ce Allah sarki, na wuce. Ban tsaya ba."

"Haba ɗana, tashi. Hanya ce."

Zulaihatu ta rarrafo ta kama ƙafarsa tana kuka. "Baba, na ji kunya... na ji kunyar abin da na yi. Ka yafe min don Allah."

Dattijon ya cire hularsa, ya laluba cikin naɗinta, ya fito da ɗan guntun kwali da bai fi farce biyu ba, da da'irar fensir a jikinsa.

"Na ga ya faɗi a shara, na ce kar a rasa. Kawo gam."

Su uku suka buɗe gilashin suka mayar da lungun. Ya ɗan karkace, tabon gam kuma ya fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar farin aikin.

"Bari in yi maka sabuwa," in ji ta cikin shessheƙa.

"Wannan nake so," in ji Bamanga. "Baba, jibi Baffana zai zo, in ka ba da izini."

"Allah ya kai mu. Sai dai lungun namu yana da wuyar ganewa. Ko in aika wani ya tare su a bakin titi..."

"A'a, Baba." Zulaihatu ta ɗago kai, karo na farko tun da azahar ta dubi idonsa. "Kai za ka ɗauko su. Ni ma ranar da za a kai ni, a kekenka zan tafi."

Malam Inuwa ya mayar da hularsa, ya juya musu baya yana gyara ta fiye da yadda take buƙata.

"To sai na wanke shi," ya ce.