Ɗigon Baƙin Mai a Kufan Tsauni

Ku kashe tocilan ɗin nan, ku matso. Mai son dariya ya tashi tun yanzu, don wanda abin ya faru da shi yana nan da ransa.

Haladu sunansa, bakanike ne a Funtuwa. Ya iya aiki, amma ba shi da haƙuri. Wata shekara wani dillalin tumatir, Alhaji Mati, ya kawo masa akori-kurarsa. An cire mata injinta na asali an ɗora babba, don ta riƙa isa kudu kafin kaya su ruɓe. To, injin da aka ƙara wa ƙarfi yakan fitar da tururi haɗe da baƙin mai, man ya bi ya ɓata fulogai. Maganin abin shi ne a ɗaura wani ɗan gwangwani mai tace man daga tururin. A gindin gwangwanin akwai tiyo, wanda zai mayar da man cikin kaskon da ke ƙasan inji. Sai an sauke kaskon, an huda, an yi walda. Aikin yini guda ne.

Alhaji Mati ya ce shi bai san wannan ba.

"Yau nake son motata. In ba ka iya ba ka faɗa, gari cike yake da irinku."

"Alhaji, ba a huda kasko ba tukuna."

"Ni na ce ka huda?"

Haladu ya ɗaura gwangwanin, ya saki tiyon yana reto a ƙasa. A ransa ya ce man ya tsiyaye a titi, in ma injin ya ƙone, mai shi ya jiyo.

Rana na tsaka ya fita gwaji, shi kaɗai. Ya bar kwalta ya bi tsohuwar hanyar masu fasa dutse, wadda ta ratsa kufan Tsauni. Shekara da shekaru ba mai zama a wurin, sai guntayen katanga da busasshiyar rijiya. Nan ya tsaya, inji na aiki, ya ɗaga bonet. Gwangwanin na yin aikinsa. Ya leƙa ƙasa ya ga man na ɗiga, ɗis, ɗis, yana hayaƙi a kan yashi. Ya rufe bonet.

Yana juyowa ya ga mutum tsaye a bakin ƙofar direba.

Dogo ne, siriri, da farar riga har ƙasa. Bai yi sallama ba. Bakinsa ya motsa tukun, sai daga baya maganar ta iso, kuma ta bayan kunnen Haladu ta fito.

"Kashe."

"Malam, lafiya?"

"Kashe, na ce."

Haladu ya zura hannu ta taga, ya murɗa makulli, ya zare. Injin bai mutu ba. Makulli na hannunsa, inji na ta gurnani.

"A ƙofar ɗakin tsohuwata ka tsaya," in ji mutumin. "Makauniya ce. Kullum war haka nake shimfiɗa mata tabarma a nan. Tana kwance a ƙarƙashin ƙarfen nan naka."

Haladu ya duba, yashi ne kawai. Amma da wani ɗigon ya sauka, sai ya ji nishi, siriri, irin na tsohuwar da ta gaji da kuka.

"Bari in janye motar."

"In ka janye, ka take ta ke nan."

"Wallahi ban ga kowa ba."

"Da ma ba kwa gani. Tiyon fa? Shi ma ba ka gan shi ba?"



"Wanda ya zuba ya zuba," in ji mutumin. "Daga yanzu duk ɗigon da ya taɓa ƙasa, a jikinka zai sauka."

Bai gama ba ɗigo ya faɗi. Haladu ya ji kamar an ɗora masa garwashi tsakanin kafaɗu. Na biyu ya sauka a ƙeya. Bai jira na uku ba, ya kwanta ya kutsa ƙarƙashin motar ta gefen taya, ya tara tafin hagu a bakin tiyon. Man ya ci namansa. Ya cije leɓe, bai janye ba.

Ƙarƙashin mota mai aiki zafi gare shi, amma gefen damarsa sanyi ne ƙalau. Yana jin warin man kaɗanya da tsohuwar tabarma. Yana jin numfashi a kumatunsa. Bai waiga ba.

Daga inda yake kwance ya hangi ƙafafun mutumin a ƙarƙashin riga. Babu dunduniya. Yatsu gaba, yatsu baya. Ya kau da ido zuwa ɗaya gefen, ya ga wasu irinsu. Manya da ƙanana, sun kewaye motar, ba mai motsi.

Ya danne bakin tiyon da babban yatsa. Bai daɗe ba tiyon ya soma kumbura, man ya nemi hanya ta gefe. Toshewa ba za ta yi ba, sai man ya sami inda zai koma. Ga shi ba abin huda, ba walda. Can ya tuna da bututun sandar awon mai, wanda ya gangara har cikin kasko.

Da hannun dama ya zare tazugen wandonsa, ya lanƙwasa tiyon ya ɗaure da taimakon haƙora. Man da ke tafinsa ya shafe a ƙirjin riga, don kada ya ɗiga. Ya tura tiyon sama ta jikin salansa, fatar hannunsa na ƙauri. Sannan ya ja jiki ya fito, idonsa a ƙasa.

Ya ɗaga bonet, ya zare sandar awon. Tiyon ya fi bututun kauri. Ya ciro reza daga aljihu ya soma fere bakin tiyon.

"Tana tambaya ko kana da uwa," in ji muryar a bayan kunnensa.

"Ina da ita."

"A Unguwar Mata, ɗakin da ke kallon gabas. Mun sani."

Rezar ta yanki yatsansa. Ya ci gaba. Ya cusa tiyon, ya murza, ya danna har ya zauna, ya kwance tazugen. Ya ji man ya gangara ciki, ƙulu-ƙulu. Injin ya mutu da kansa.

Mutumin ya sunkuya ya ja wani abu daga ƙarƙashin motar, ya goya a bayansa. Haladu bai ga komai ba, sai yadda bayan ya ranƙwafa da nauyi. Sannan mutumin ya miƙo masa wani zobe na jan ƙarfe, mai sanyi kamar an ciro shi daga randa.

"Ɗaure da wannan."

Haladu ya zura shi a kan tiyon. Zoben ya matse da kansa.

"Na gode."

"Ba kyauta ba ce. Don in san inda kake ne."

Da ya ɗago, babu kowa. Ya tayar da mota ya yi baya-baya har kwalta, bai yarda ya juya a cikin kufan ba.

Washegari ya sauke kaskon, ya huda, ya yi aikin yadda ya kamata. Zoben ya ƙi fita, sai ya yanke tiyon tare da shi ya jefa a rafi. Kwana biyu ya buɗe injin wata motar daban, ya tarar da shi a maƙale a kan tiyonta, da sanyinsa. Ya daina jefarwa. Yanzu a akwatin kayan aikinsa yake, kuma duk ranar da mai ya ɗiga masa a ƙasa, ko da ɗigo ɗaya ne, yakan ji zoben yana ƙwanƙwasa murfin daga ciki.

Saboda haka in hanya ta kai ku kufan Tsauni, kada ku bi ku kaɗai, kada ku tsaya da tsakar rana. Kuma kada ku zubar da abu mai zafi a ƙasa ba ku yi bisimilla ba, ko da kun duba kun ga yashi ne kawai.