Ɗigon da Ke Kan Bawul

Cin amana mummunan hali ne, amma ya fi ɗaci idan ya fito daga hannun da kai ka koya wa riƙe sifana. Haka aka yi wa wani tsohon makanike da kowa ke kira Baba.

Kwana huɗu da fitar motar wata Hajiya daga garejinsa, sai ga ta ta dawo tana tari, shuɗin hayaki na bin ta. Tsohuwar motar marigayi mijinta ce, an sauke injin an sake haɗawa. A gabanta Baba ya kwance kan injin, ya zaro bawul, ƙarafan da ke buɗe wa mai da hayaki hanya, ɗaya bayan ɗaya, yana soka su a kwali bisa jerin da ya same su. Duk takwas ɗin tsofaffi ne, an dai goge su suna ƙyalli.

"Sababbi na kawo maka a ledarsu!" in ji Hajiya. "Ashe furfurar ta banza ce? Ka fito da su kafin la'asar, ko 'yan sanda su ja ka a gaban layin nan duka."

Shekara arba'in ba a taɓa kiran Baba ɓarawo ba. Ranar haɗa injin yana asibiti ana yi masa aikin ido. Mutum biyu ya bar wa aikin: ƙanensa Auta, wanda ya shekara ashirin da biyu a hannunsa, da Dogo, wanda ya zo daga wani gareji wata biyu da suka wuce.

"Yaya, mai shago ne ya cuce ta da tsofaffin kayan kwance," in ji Auta.

Baba ya ɗaga bawul ɗaya, ya nuna ɗigon da ke fuskarsa. "Mai shago ne ya buga wannan? Hannuna ne. Ko wanda zan yar, sai na ɗiga masa lamba ranar cirewa. Na motar nan ne."

Ya tsallaka wurin mai injin matse ƙarfe, wanda ya sa gidajen bawul, wato 'yan bututun da bawul ke hawa da sauka a ciki.

"Kai ka taɓa kayan?"

"Ka raina ni, tsoho. Kan inji tsirara aka kawo mini, ba bawul ko ɗaya." Ya zazzage masa gwangwani a ƙasa. "Ga tsofaffin gidajen, tattara ka ba ni wuri."

Baba ya duba, gaskiya ne. Gidajen da ke kan injin sababbi ne. Tsohon bawul da ƙafarsa ta cinye shi ne ke rawa a ciki, baƙin mai na zurara yana ƙonewa.

Ya dawo ya tarar Auta ya shaƙe wuyan rigar Dogo. "Baƙin nan da ba a san asalinsu ba! Tun zuwansa kaya ke ɓacewa."

"Oga, ni fistin na haɗa, can ƙasan injin," in ji Dogo. "Wallahi ban taɓa kan injin ba."

Baba ya dubi Dogo. "Rufe mana baki. Ɗauki alli, ka rubuta wa ramukan bawul ɗin nan lamba, ɗaya zuwa takwas."

Dogo ya fara daga gaba, wajen fanka.

"Wa ya koya maka haka?"

"Kowa ma daga gaba yake ƙirgawa, Oga."

"Ban da ni. Ni daga baya nake farawa, wajen giya. Dubi kwalin nan." Baba ya bi jerin da yatsa. Mai ɗigo ɗaya daga ramin baya ya fito, mai ɗigo takwas daga ramin gaba. Babu wanda ya saɓa wurinsa. "Wanda ya mayar da su ya san tsohon bawul ba ya zama daidai sai a mazauninsa, kuma ya iya karatun ɗigona. Mutum ɗaya na koya wa a duniya."

Auta ya saki rigar. "Yaya, ka tsaya ka ji..."

"Kada ka ƙara kirana Yaya a garejin nan. Sababbin suna ina?"

Auta ya ce, ƙasa-ƙasa, "Suna cikin tasi ɗina."

"Kai ka ci, ka bari a zage ni, sannan ka shafa wa baƙo. Turo ta nan."

A tsakiyar layi, makanikai sun yi da'ira, Auta ya kwance injin motarsa da hannunsa, ya zaro bawul takwas ya jera a gaban Hajiya. Ko kallonsa ba ta yi ba. Dogo ne ya wasa su, ya haɗa, Baba na tsaye a kansa. Kafin la'asar motar ta tashi, ba tari, ba hayaki.

Abin da Auta ya rasa kuwa, ga shi. Makullin gareji, Baba ya karɓe. Akwatin sifanunsa, an ajiye masa a bakin titi. Tasi ɗinsa ta rage buɗe, ba bawul, kuma duk layin ba wanda ya yarda ya ara masa ko ƙusa. Garejin da kowa ya san shi zai gada, Baba ya ce ya cire rai. Da safe kuma idan ya durƙusa gaida yayansa a ƙofar gida, amsar da ake ba kowane mai wucewa ita yake samu.