Farashin Tsamiya

A can wani zamani an yi wani manomi mai wata ƙatuwar tsamiya a ƙofar gidansa. Wata rana wani baƙo mai sayen itace ya tsaya, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Maigida, nawa ne farashinta?"

Manomi bai taɓa jin wannan kalma ba. Baƙo ya ce, "Farashi shi ne kuɗin da za a ba ka, abu ya tashi daga naka ya zama na wani."

Manomi ya ce, "To, wannan ba ta da farashi."

Kashegari baƙo ya dawo da jakar kuɗi. Manomi ya ce, "Ba ta da farashi." Ya sake dawowa da jaka biyu. Manomi ya ce, "Ba ta da farashi," amma idonsa na kan jakunkunan. Da aka dire masa jaka uku, sai ya miƙa hannu. Kafin la'asar an kayar da tsamiya.

A lokacin mahaifiyarsa, wata tsohuwa makauniya, ta je ganin dangi. Da ta dawo ta ce, "Kai ni gindin tsamiya in sha iska."

Ya kasa gaya mata. Ya riƙe sandarta ya kai ta. Rana ta doke ta a ka. Ta laluba har hannunta ya taɓa kututture, ta daɗe tana shafa shi.

Ta ce, "Ranar sunanka ubanka ya dasa ta. Mai da ni ɗaki."

Daga ranar ba ta ƙara cewa a fito da ita ba.