Auta Ta Hana Shi Biyan Shekara Biyu

Ranar da suka fara haɗuwa, da faɗa suka rabu.

Auta na bayan kanta a shagon kayan lantarkin da take aiki, tana goge gilashin wayoyi, sai wani saurayi ya shigo da sauri cikin rigar direbobin motar asibiti, makulli na lilo a yatsansa. Ko kallon wayoyin bai yi ba. Kai tsaye ya nufi babban hoton tallan da Manaja ya liƙa a bango.

Wani kamfani ne zai dawo da tsofaffin wasannin bidiyo, irin waɗanda aka yi yayi shekara ashirin da suka wuce, a riƙa buga su a talabijin ta intanet. Sai nan da wata huɗu za a buɗe, amma wanda ya biya kuɗin shekara biyu tun yanzu, rabin farashi zai biya. Shagon na cikin masu yi wa mutane rajista, kuma duk wanda Auta ta yi wa, tana da kamasho.

"Malama, yi mini ta shekara biyun nan," in ji shi.

"Wane wasa kake so a ciki?"

Ya ɗora yatsa a kan wata jar mota a gefen hoton. "Wannan tseren motocin."

"To, kada ka biya."

Ya juyo ya dube ta sosai. Doguwa ce, da ɗan tabo a haɓa, kuma babu alamar wasa a fuskarta.

"Ban gane ba."

"Sun ce wasa arba'in, goma sha biyu kawai suka faɗi sunansu. Motarka a hoto take, ba ta cikin jerin. Ga sharaɗin nan a ƙasa da ƙananan baƙaƙe: in ka biya, ba a mayarwa. Ka jira a buɗe ka gani da idonka."

"Ke sayarwa aka ajiye ki yi, ko hanawa? Kuɗinki ne?"

"Da kuɗina ne da ban tsaya ina yi maka bayani ba, da tuni na mayar da abina jaka."

"Ikon Allah! Na zo da kuɗina ana yi mini wa'azi!"

Muryarsa ce ta fito da Manaja daga ofis. Ya watsa wa Auta harara, ya ce ta wuce sito ta shirya kwalayen da aka kawo. Ta wuce tana huci. Da ta fito, mutumin ya tafi, Manaja kuwa ya wanke ta tas a gaban abokan aikinta.

Bayan mako guda sai ga Direba ya dawo. Ya tsaya a gaban kanta yana juya wata wayar caji da ba ya bukata.

"Ranar nan na ɗaga miki murya. Bai kamata ba."

"Haƙurin ke nan?"

"Rabinsa ne. Ke ma ai bakinki barkono ne."

Ta so ta murtuke, dariya ta ƙwace mata.

A nan ya gaya mata abin da ya kawo shi. Ba don kansa yake neman wasan ba. Wansa ne, wanda ya riƙe shi tun rasuwar iyayensu, ya yi hatsari shekara uku da suka wuce, ƙafafunsa suka daina aiki. Tun daga lokacin Yaya ba ya fita, ba ya son baƙi. Abu ɗaya ke sa shi ihu da dariya kamar da, tseren motocin da suka taso suna bugawa a tsohuwar na'urarsu. Watan jiya na'urar ta ƙone, masu gyara uku sun ce sai dai a jefar.

Auta ta yagi takarda ta rubuta lambarta.

"In na ji sun sa shi a jerin, ni zan fara gaya maka."

Ba a sa shi ba, amma saƙo bai daina shiga tsakaninsu ba.

"Barkonona, kin ci abinci, ko kwastomomi kika cinye?"

"Ɗan rigima, ka kula da titi, ka bar waya."

"A tsaye nake a bakin asibiti. Na ga wata mai kama da ke, da ta yi murmushi sai na gane ba ke ba ce."

"Allah Ya shirye ka."

Ranar Asabar yakan jira ta a ƙofar shago su taka tare har tashar mota, suna gardama a kan komai, daga launin rigarsa har yadda yake taka birki. Wata rana ta aika masa:

"Ka yi mini alkawari ba za ka ba mutanen nan kuɗinka ba sai an buɗe mun ga jerin tare."

Can sai ga amsarsa:

"Daga yau ko sisi ba za su gani ba, Barkonona."

Cikin wata na uku ya ce yana so ya zo gaida Baba, mahaifinta.

Manaja dai ya daɗe da nasa ƙudurin. Sau biyu yana yi wa Auta maganar aure, sau biyu tana ce masa ya yi haƙuri. Da ya ga wanda ke jiranta a ƙofa, sai ya riga shi zuwa gidan, da fanka sabuwa a kwali, wai ya zo gaisuwa.

Da Auta ta dawo aiki ta tarar da Baba a falo, tabarau a hannu. Tsohon hedimasta ne, kuma idan ya cire tabarau, to magana ta ɓaci.

"Auta, zauna. Wanda kike so ki kawo mini, an ce ɗan caca ne."

"Caca kuma, Baba? Wa ya ce?"

"Ubangidanki. Ya ce albashinsa a wasan talabijin yake ƙarewa. Namiji da gemunsa yana danna abin wasan yara, shi zan ɗauki 'yata in ba?"

"Wallahi ba caca ba ce. Kuma ko biya bai yi ba, ya yi mini alkawari."

Baba ya miƙo mata wayarsa. Hoton rasit ne Manaja ya tura masa, an yanke samansa, amma lambar wayar Direba na nan, da kuɗin shekara biyu cif.

Auta ta miƙe. Umma ta kama hannunta, ta zame a hankali ta shige ɗaki.

"Ka biya?" ta rubuta masa.

Ya kira, ta kashe. Ya sake kira, ta kashe.

"Tambaya ɗaya na yi maka. Ka biya ko ba ka biya ba?"

"Na biya. Amma ki bari in yi miki bayani."

"Na tsaya a gaban mahaifina ina rantsuwa a kanka. Ka mai da ni maƙaryaciya. Kada ka sake kirana."

Kwana biyar ba ta ɗaga wayarsa ba. Saƙonninsa ma ba ta buɗe ba. A shago Manaja sai fara'a yake yi mata, har da tambayar ko Baba ya ji daɗin fankar. Wannan fara'ar ce ta dame ta. Da ya fita cin abincin rana, ta buɗe kwamfutar rajista ta nemo rasit ɗin gaba ɗayansa.

Kwanan watan na ranar da suka fara haɗuwa ne. Minti goma bayan an kora ta sito. Manaja ne ya shigar da hannunsa.

Yana dawowa ta juya masa fuskar kwamfutar.

"Ranka ya daɗe, me ya sa ka yanke kwanan watan?"

"Wa ya ba ki izinin taɓa wannan?"

"Ka san wasan ba ya cikin jerin, ka karɓi kuɗinsa. Sannan ka ɗauki rasit ɗin kwastoma ka kai gidanmu, ka ce masa ɗan caca. Kai ko kunyar furfurar Baba ba ka ji ba?"

Kwastomomi suka daina duba kaya suka zuba musu ido.

"Ko ki ba ni haƙuri yanzu, ko ki ajiye mini makullin kanta."

Ta ciro makullin ta ajiye a kan gilashin, ta ɗauki jakarta. Ta fice daga shagon. Shekara huɗu tana aikin nan.

Duk da haka ba ta kira Direba ba. Bai karya alkawari ba, ta yarda. Amma wata uku yana kallonta tana yi masa kashedi a kan abin da ya riga ya yi, bakinsa ƙum. Wannan ya fi ci mata rai.

Ana cikin haka kamfanin ya buɗe. Wasa goma sha biyar suka fito. Tseren motoci ba ya ciki. Direba ya kira su, wata murya mai laushi ta ce masa ana kan tattaunawa da masu wasan, ba a san ranar ba, kuɗi kuma ba a mayarwa, yana cikin sharaɗi. Ya yi ta ɗaga murya har Yaya ya turo kekensa ya leƙo ɗakin.

"Kai da wa kake wannan haushi?"

Dole ya kwashe komai ya gaya masa, har da Auta, har da aikinta da ya ji ta rasa. Da ya gama, Yaya ya ce:

"Wato saboda ni ka zubar da kuɗinka, ka zubar da mutuncinka, ka sa 'yar mutane ta rasa aiki. Ni na aike ka? Ƙafa na rasa, ba hankali ba. Ɗauko mini babbar rigata, ka nemo tasi."

"Yaya, ina za ka?"

"Inda ka kasa zuwa."

Shekara uku rabon Yaya da gidan wani. Matakala biyu ce a ƙofar gidan su Auta, sai da Baba da kansa ya kama gefen keken aka shigar da shi falo. Bayan gaisuwa Yaya bai yi kwana-kwana ba.

"Baba, ni ne wan wannan, ni ne kuma ubansa. Ba na zo in ce ba shi da laifi ba ne. Yana da gaggawa, yana da taurin kai, kuma in ya yi kuskure kunya takan rufe masa baki. Amma ba ɗan caca ba ne. Wasan nan ni ke bugawa, don ni ya biya. Shekara uku shi ke ɗaga ni, shi ke yi mini wanka, bai taɓa nuna mini ya gaji ba. In za ka hana shi, ka hana shi a kan halinsa na gaskiya, ba a kan abin da wani ya ƙulla ba."

Baba ya juya tabarau a hannunsa, ya dubi Direba da ke durƙushe a gefe.

"Kai, me ya hana ka gaya mata tun farko?"

"Baba, tsoro na ji. Ita ta yi gaskiya, ni na biya don in nuna mata ba ta isa ta hana ni ba. Da na fara sonta sai na rasa ta inda zan faɗa."

"To ka ji kunyar banza. Ni ma kuma na ji tawa, da na yanke hukunci da bakin mutum ɗaya, bayan shekara talatin ina hana yara yin haka." Ya ɗaga murya. "Auta! Na san kina bayan labule. Fito."

Ta fito ta gaida Yaya har ƙasa. Direba kuwa ko kallo bai samu ba. Baba ya ce su je ƙofar gida su ƙarasa faɗansu, shi yana da hira da baƙonsa.

A ƙofar gida ta harɗe hannu.

"Daga yau ko sisi. Kai ga mai wayo, ko?"

"Barkonona…"

"Kada ka kira ni da wannan sunan. Kuɗin ba su dame ni ba, naka ne. Da ka ce mini ka biya, da na yi masifa ta kwana biyu ta wuce. Amma ka zaɓi ka bar ni cikin duhu."

"Na yi laifi. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi."

"Haka za ka riƙa yi mini a gidanka? Ka yi ɓarna ka rufe, sai na ji a bakin maƙiyi?"

"In na yi ɓarna, ke za ki fara ji. Ko za ki cinye ni ɗanye."

"Zan kuwa cinye ka."

"Na yarda. Ki aure ni ki cinye ni a hankali."

Ta juya masa baya don kada ya ga bakinta ya motsa. Ya gani.

Ba ranar ta huce ba. Sai da ya yi mako biyu yana aiko da saƙo tana amsa masa da kalma ɗaya. Baba ya sa aka mayar wa Manaja fankarsa a kwalinta. Auta ta sha yawon neman aiki wata biyu kafin ta samu a wani ƙaramin shago, albashin bai kai na da ba, kuma duk ranar da abin ya motsa mata, Direba ke shan faɗa.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Yaya ne ya karɓa wa ƙanensa, a sahun gaba, abokan aikin ango sun cika wurin da hayaniya.

Da yamma, kafin a tafi da amarya, Baba ya kira su biyun falo. Umma na gefe tana share ido.

"Ku biyun nan Allah Ya haɗa masu zafin kai," in ji Baba. "Ba zan ce kada ku yi faɗa ba, don na san ɓata bakina zan yi. Ku yi shi a fili, ku gama shi a ranar. Kai, na ba ka autata. Ke kuma, ki riƙa bari ya kai ƙarshen magana."

"In ya fara ta da gaskiya, Baba," ta ce cikin mayafi.

Yaya ya fashe da dariya daga bakin ƙofa, har da buga hannun keke.

Baba ya ɗora hannu a kanta, ya ɗora ɗayan a kafaɗar ango.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, Ya sa ku tsufa tare."

Falon ya amsa da amin. Direba ya sunkuyo ya ce da ita a hankali, "Kin huce, amaryata?"

"Saura kaɗan," in ji Auta, ta miƙa masa hannunta.